Fashin baƙi: Wa ke karɓar kuɗin sayen 'yan ƙwallo a Turai, kuma me ya sa lissafin ke rikita jama'a?

Duk lokacin da kasuwar cinikin 'yan wasa ta buɗe a Turai, gardama iri ɗaya ce ke dawowa a gidajen kallo da teburan masu shayi. An ce Liverpool ta sayi Alexander Isak fam miliyan 125 a 2025, to wa ya karɓi kuɗin? Shi ɗan wasan ne? Kuma ta yaya Chelsea ta kashe kusan fam biliyan ɗaya tsakanin 2022 da 2023 ba a taɓa mata maki ko ɗaya a Firimiya ba, alhali Everton da Nottingham Forest, waɗanda ba su kashe ko rabin haka ba, aka zabtare musu nasu?

Amsar da ta fi saurin fita daga bakin mutane ita ce son kai da magudi. Ba za a rasa su ba. Amma yawancin abin da ke ɗaure kai a wannan kasuwa ba a cikin fili yake ba, a littafin akanta yake. Adadin da jaridu ke bugawa daban, kuɗin da ke fita daga banki daban, abin da ƙungiya ke rubutawa a lissafinta na shekara shi ma daban. Na ukun nan ne mahukunta ke dubawa, kuma shi ne ke juya akalar cinikin.

Me ake saya a zahiri?

Ba mutum ake saya ba, kwantiragi ake fansa. Ɗan wasa ya sa hannu zai yi wa wata ƙungiya aiki na tsawon shekaru, wata ƙungiyar kuma tana son sa kafin wa'adin ya cika, sai ta biya ta farko diyya don ta sake shi. Wannan diyyar ita ce kuɗin da ake ta yayatawa, kuma asusun ƙungiyar da ta sayar take shiga, ba aljihun ɗan wasa ba. Shi rabonsa albashi ne, da kuɗin sa hannu, da ladan cin wasa ko cin kofi.

Da ba haka abin yake ba. Kafin 1995, ko kwantiraginka ya ƙare ƙungiyarka na iya riƙe ka har sai an biya ta. Wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya so barin RFC Liège zuwa Dunkerque ta Faransa a 1990, cinikin ya rushe saboda kuɗi, aka kuma rage masa albashi. Ya garzaya kotu, a Disambar 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Wannan hukunci ne ya buɗe ƙofar da wanda kwantiraginsa ya ƙare ke iya kama gabansa ba a biya ko sisi ba.

Shi ya sa farashin ɗan wasa ba ƙwarewarsa kaɗai ke yanke shi ba. Shekarunsa na haihuwa suna ciki, haka yawan shekarun da suka rage a kwantiraginsa. Wanda ya rage masa shekara huɗu, ƙungiyarsa ce ke da baki. Wanda ya rage masa shekara ɗaya, shi ke da baki, don ko a sayar da shi da araha yanzu ko ya tafi kyauta baɗi. Paris Saint-Germain (PSG) ta biya Monaco Yuro miliyan 180 a kan Kylian Mbappé, ya zama fitaccen ɗan wasanta, sannan a 2024 ya koma Real Madrid ba ta karɓi ko kwabo ba. Sai dai kalmar "kyauta" a nan tana yaudara. Kuɗin da ya kamata a bai wa tsohuwar ƙungiya, wani kaso mai tsoka daga cikinsa yakan koma kuɗin sa hannu da la'adar dillali.

Akwai kuma kuɗin fansar kai da ake gindayawa a cikin kwantiragi, wanda duk wanda ya ajiye shi ba a iya hana shi ɗaukar ɗan wasan. A Sifaniya abin ya samo tushe ne daga wata dokar ƙwadago ta 1985, kuma kusan kowane ɗan wasa yana da nasa. Barcelona ta sa wa Neymar Yuro miliyan 222 da tunanin babu mai iya taɓawa. A Agustan 2017 PSG ta zube su. Har yau ba a karya wannan tarihi ba.

Adadin jarida da kuɗin da ke fita daga banki

Da wuya a biya kuɗin babban ciniki a dunƙule. Yawanci kashi-kashi ake biya cikin shekaru biyu zuwa biyar, shi ya sa manyan ƙungiyoyi ke bin juna bashin ɗaruruwan miliyoyi na 'yan wasan da wasunsu ma tuni sun bar su. Sannan ga abin da masu sharhin wasanni ke kira tsarabe-tsarabe: ƙarin kuɗin da ba a biya sai wani sharaɗi ya cika, kamar buga wasanni kaza, ko shiga gasar Zakarun Turai, ko ɗaukar kofi. Declan Rice ya je Arsenal a 2023 kan fam miliyan 100 da tsarabar miliyan 5. Mykhailo Mudryk ya je Chelsea kan Yuro miliyan 70 da tsarabar miliyan 30. Mai sayarwa yakan faɗi babban adadin don magoya bayansa su ga ya iya ciniki, mai saye kuma ya faɗi ƙaramin. Dukansu ba ƙarya suka yi ba.

Ƙananan ƙungiyoyi masu wayo sukan saka sharaɗin cewa idan aka sake sayar da yaron nan gaba, suna da kaso. Ba su kaɗai ba ma: lokacin da Borussia Dortmund ta sayar wa Manchester United Jadon Sancho kan fam miliyan 73 a 2021, Manchester City da ta rene shi ta samu nata rabon tana zaune.

Dillalai su ma ba a baya suke ba. Alƙaluman hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila sun nuna ƙungiyoyin Firimiya sun biya wakilan 'yan wasa sama da fam miliyan 400 tsakanin Fabrairun 2023 da Fabrairun 2024. FIFA ta yi yunƙurin ƙayyade la'adar a 2023, dillalan suka maka ta a kotuna daban-daban, dole ta jingine dokar.

Babban nauyin dai albashi ne. A ce ɗan wasa na karɓar fam dubu 200 a mako. A shekara fam miliyan 10.4 ke nan, a kwantiragin shekara biyar fam miliyan 52, ban da harajin da ƙungiya ke biya a kansa. Idan cinikin bai yi albarka ba, nan ne ciwon yake. Ba a iya korar sa, kuma ƙungiyoyin da za su iya biyan wannan albashi ba su da yawa. Daga nan ake komawa ba da aro, tsohuwar ƙungiya na ci gaba da biyan wani ɓangare na albashin mutumin da ke yi wa wasu wasa.

Yadda akanta ke rubuta cinikin

Nan ne gizo ke saƙar. A littafin lissafi, ɗan wasan da aka saya kadara ne, don haka ba a rubuta kuɗinsa gaba ɗaya a matsayin kashewar shekara guda. Ana raba shi ne a kan shekarun kwantiragi. Idan an saye shi fam miliyan 50 na shekara biyar, miliyan 10 ake rubutawa duk shekara, darajarsa a littafi kuma tana raguwa da wannan adadin. Bayan shekara uku, a takarda miliyan 20 ya rage. A sayar da shi miliyan 30 a lokacin, ɗan kallo zai ce an yi asarar miliyan 20, akanta kuwa ribar miliyan 10 zai rubuta. Kuma ita riba ba a raba ta. Rana ɗaya ake rubuta ta duka, ko da mai sayen kashi-kashi zai biya.

Saye a hankali yake cin littafi, sayarwa kuwa nan take take cika shi. Wanda ya gane wannan ya gane Chelsea. Bayan Todd Boehly da kamfanin Clearlake sun karɓi ƙungiyar a 2022, sai suka riƙa bai wa sabbin 'yan wasa kwantiragin da ba a saba gani ba a Ingila. Enzo Fernández ya zo daga Benfica a Janairun 2023 kan fam miliyan 106.8, aka ba shi shekara takwas da rabi. A littafi, abin da yake ci a shekara bai kai miliyan 13 ba. Da shekara biyar aka ba shi, da ya haura miliyan 21. Moisés Caicedo, wanda Brighton ta saya daga Ekwado kan ƙasa da fam miliyan 5 ta sayar da shi miliyan 115, shi ma shekara takwas ya samu.

Ba karya doka suka yi ba, ɓaraka suka gani suka bi. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta toshe ta a tsakiyar 2023, ta ce ko shekara nawa aka bai wa ɗan wasa, ba za a raba kuɗinsa fiye da shekara biyar ba. Ƙungiyoyin Firimiya suka bi sahu a Disambar shekarar. Dabarar ma tana da ƙaya: yaron da aka ɗaure da shekara takwas, in ya ji mummunan rauni ko wasansa ya lalace, ya zama kaya a wuyan ƙungiya har tsawon wannan lokaci.

Me ya sa ake sayar da 'ya'yan gida?

Magoya baya sukan ji zafi idan aka sayar da yaron da ya taso a makarantar horon ƙungiya, kamar yadda Chelsea ta yi da Mason Mount a 2023 da Conor Gallagher a 2024. Dalilin yana cikin lissafin da ya gabata. Yaron gida ba a saye shi ba, darajarsa a littafi sifili ce, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Kamar makiyayi ne da ke da maraƙin da aka haifa a garkensa da kuma san da ya sayo a kara: ranar da ya matsu, na gidan zai kai kasuwa, don ba shi da uwar kuɗin da zai cire. Ribar fam miliyan 50 a kan yaron gida tana iya rufe kason shekara guda na sabbin 'yan wasa biyar da aka saya miliyan 50 kowanne.

Matsuwar daga doka take zuwa. Dokar Firimiya da aka hukunta Everton da Forest da ita ta ce kada asarar ƙungiya ta wuce fam miliyan 105 cikin shekaru uku, bayan an cire abin da ta kashe a kan filin wasa, horar da matasa, ƙwallon mata da ayyukan al'umma. Everton ta haura da fam miliyan 19.5, aka cire mata maki 10 a Nuwamban 2023, ta ɗaukaka ƙara aka mayar da shi 6, daga baya aka sake cire mata 2. Forest kuwa iyakarta miliyan 61 ce kawai, saboda shekaru biyu daga cikin ukun a ƙaramar gasa ta yi su. Ta sayar da yaronta Brennan Johnson ga Tottenham kan fam miliyan 47.5, amma sai a ranar 1 ga Satumba, wata biyu bayan an rufe littafin shekara a 30 ga Yuni. Ta ce jinkirin ya sa ta samu farashi mafi kyau. Kwamitin bai karɓi uzurin ba, maki 4 suka tafi.

Sauran ƙungiyoyi sun ga darasi. A ƙarshen Yunin 2024 sai ga wani irin ciniki mai ban dariya: Aston Villa ta sayar wa Everton Tim Iroegbunam, Everton ta sayar wa Villa Lewis Dobbin, Villa ta sayar wa Chelsea Omari Kellyman, Chelsea ta sayar wa Villa Ian Maatsen, Newcastle ta sallama Elliot Anderson ga Forest kan fam miliyan 35. Kowa ya rubuta ribarsa nan take, ya raba kashewarsa a kan shekaru. Ban da wannan, Chelsea ta sayar da otal-otal biyu na filinta, sannan ƙungiyarta ta mata, ga kamfanonin da ke ƙarƙashin masu ita. Firimiya ta karɓa. UEFA ba ta lissafa irin wannan a matsayin kuɗin shiga, kuma a Yulin 2025 ta ci Chelsea tarar Yuro miliyan 31.

A Italiya an daɗe da sanin wannan wasa. Musayar Arthur Melo da Miralem Pjanić tsakanin Barcelona da Juventus a 2020, inda aka yi wa ɗaya kuɗi Yuro miliyan 72 ɗayan miliyan 60, littafi ta yi wa amfani fiye da fili. Binciken kumbura farashin 'yan wasa ya jawo wa Juventus asarar maki 10 a 2023. Cinikin Victor Osimhen daga Lille zuwa Napoli a 2020 ma ya shiga bakin masu bincike: a cikin Yuro miliyan 70 da aka ambata har da 'yan wasa huɗu da Napoli ta miƙa, waɗanda aka yi wa kuɗi kusan miliyan 20, uku daga cikinsu matasa ne da ba su taɓa buga wa Lille wasa ba. Kotun wasanni ta Italiya ta wanke Napoli a 2022.

Daga ina kuɗin ke ɓulɓulowa?

Ba daga sayar da riguna ba. Wannan magana ta "zai mayar da kuɗinsa da riga" ya kamata a bar ta haka. Kamfanin da ke ɗinka rigar ne ke kwashe mafi yawan kuɗin, ƙungiya ɗan kaso take samu a kan kowace riga. Abin da take ci da gaske shi ne yarjejeniyar da ta ƙulla tun farko, kamar fam miliyan 900 na shekara goma da Adidas ta amince ta biya Manchester United a 2023. Ko da ƙungiya na samun fam 10 a kowace riga, sai ta sayar da ƙarin riguna miliyan 10 kafin ta mayar da fam miliyan 100.

Uwa uba talabijin ne. Haƙƙin nuna Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai fam biliyan 6.7 aka sayar da shi na kaka huɗu daga 2025, ban da na ƙasashen waje, wanda kuɗin da mai gidan kallo a Kano ko Maraɗi ke biya duk wata yana cikin abin da ke ciyar da shi. Ƙungiyar da ta ƙare ta ƙarshe a teburin Firimiya tana tashi da sama da fam miliyan 100. Shi ya sa Bournemouth ko Brighton ke iya taya ɗan wasan da tsofaffin zakarun Italiya ko Holan ke hange daga nesa, kuma shi ya sa ƙungiyoyin Ingila suka kashe sama da fam biliyan 3 a bazarar 2025. Benfica, Porto, Ajax, Dortmund da Lille kuwa sana'arsu ta zama reno da sayarwa.

Sai aljihun masu ƙungiya: Katar a PSG tun 2011, Abu Dhabi a Manchester City tun 2008, asusun zuba jarin Saudiyya a Newcastle tun 2021. Wanda ba shi da irin wannan uban gida, in ya yi ɓarna, gobensa yake ci. Barcelona ta watsa kuɗin Neymar a kan Ousmane Dembélé da Philippe Coutinho, albashi ya yi mata katutu, korona ta rufe filaye, a 2021 shugabanta Joan Laporta ya ce bashin ya kai Yuro biliyan 1.35. Ta kasa yi wa Messi rajista. A 2022 ta sayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin ɗinta na Laliga na shekaru 25 masu zuwa. Liverpool da ta karɓi kuɗin Coutinho a 2018 kuwa, a shekarar ta kawo Virgil van Dijk da Alisson.

Dokar adalci ce ko katangar manya?

Masu kare dokokin sun ce ba don su ba da ƙungiyoyi da yawa sun durƙushe, kamar yadda Portsmouth ta faɗa hannun masu bin bashi a 2010. Sabon tsarin UEFA ya ce albashi da kason sayen 'yan wasa da la'adar dillalai kada su wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga, bayan an sauko a hankali daga 90 zuwa 80.

Masu suka kuma sun ce duk dokar da ta ɗaure kashewa da kuɗin shiga, mai babban shago take karewa. Kashi 70 na Real Madrid ba ɗaya ba ne da kashi 70 na Aston Villa. Chelsea ta zamanin tsohon mai ita, Abramovich, da City ta farkon zuwan Larabawa sun hau sama da kuɗin masu su, sannan aka janye tsanin. A ganina dukansu suna da gaskiya, amma masu sukar sun fi kusa da abin da ido ke gani. Dokar da ta sa ya fi wa ƙungiya sauƙi ta sayar da yaron da ta rena tun yana shekara takwas fiye da baƙon da ta yi kuskuren saye, akwai gyara a cikinta. Ga kuma tuhume-tuhume 115 da Firimiya ta yi wa Manchester City a Fabrairun 2023, waɗanda ƙungiyar ta musanta. An hukunta Everton da Forest cikin watanni, ita kuwa shari'arta ta ɗauki shekaru, abin da ya ƙara wa masu cewa ana tsoron manya ƙarfin gwiwa.

Rabon wanda ya rene yaron a Afirka

Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin da ya tsallaka ƙasa ga ƙungiyoyin da suka horar da ɗan wasan daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran kowace rabin kashi ɗaya. Makarantar ƙwallon da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 17 tana da kashi 2 ke nan. In aka sayar da shi Yuro miliyan 70, haƙƙinta miliyan 1.4, kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa tana da rabo.

Hanyar da yaranmu ke bi ta nuna inda ribar ke tsayawa. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai da ya jira ya cika 18 kafin ya fara wasa, don FIFA ta hana kai yaro ƙasa da haka wata ƙasa. Daga nan CSKA Moscow, sannan Leicester ta saye shi kan kusan fam miliyan 16 a 2016. Osimhen daga Ultimate Strikers ta Legas ya je Wolfsburg, Charleroi, Lille, Napoli, sannan Galatasaray ta biya Yuro miliyan 75 a kansa a 2025. Mafi ƙarancin kuɗi a sarƙar shi ne na matakin farko.

Shi ma kashi 5 ɗin ba ya zuwa sai da takarda. Dole yaron ya kasance da rajista a hukumance da sunan makarantar, shekara bayan shekara, a kundin hukumar ƙwallon ƙasarsa. FIFA ta buɗe wata cibiya a Paris a 2022 da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ta rarraba, amma kundin take bi. Kocin unguwa da ya saya wa yaro takalmi da aljihunsa shekara shida, in ƙungiyarsa ba ta da rajista, ba shi da komai a doka. Iyaye kuma su sani, a ciniki na gaskiya ƙungiya ce ke biya. Duk dillalin da ya ce a sayar da gona ko fili a ba shi kuɗin kai yaro gwaji Turai, a binciki lasisinsa a wajen FIFA, a kuma tuntuɓi ƙungiyar da ya ambata kai tsaye.

Hukuncin Diarra

A Oktoban 2024 kotun nan da ta yanke hukuncin Bosman ta sake taɓa tushen kasuwar. Ɗan wasan Faransa Lassana Diarra ya rabu da Lokomotiv Moscow cikin rikici a 2014, Charleroi ta Beljiyam ta so ɗaukar sa amma ta ja da baya, saboda dokar FIFA ta ce sabuwar ƙungiya za ta iya shiga cikin biyan diyyar da ake bin ɗan wasan. Kotun ta ce wasu daga cikin waɗannan ƙa'idoji sun saɓa wa dokar Tarayyar Turai ta 'yancin neman aiki da ta gasa, FIFA kuma ta yi wa dokokinta kwaskwarima ta wucin gadi a ƙarshen shekarar. Idan fita daga kwantiragi ta yi sauƙi kuma diyyarta ta ragu, farashin 'yan wasa zai sauka, kuɗin ya karkata zuwa albashin taurari. Waɗanda za su fi ji a jika su ne ƙungiyoyin da ke rayuwa da reno da sayarwa, tare da makarantun Afirka da kasonsu ke fitowa daga cikin wannan farashin.